Manhajata Ta Katse Wa Baba Sale Gaisuwa

Jama'a, yau wahalar digirin digirgir ɗina ta tashi a banza a ƙauyen Kiyako!

Manhajar da na shekara uku ina haɗawa, mai ba manoma shawara da murya, na kai gwaji. Jibi malamina ke jiran sakamako.

Na miƙa wa Baba Sale, dattijonsu, wayar. Ya kara a kunne: "Salamu alaikum. Ina kwana? Ya iyali?"

Kawai ta katse shi: "Ban gane ba. Faɗi matsalarka."

Innalillahi! Wurin ya yi tsit. Ya ajiye wayar, ya saɓa fartanyarsa. Kowa ya miƙe, ba wanda ya gwada.

Na bi shi: "Baba, na'ura ce fa!"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "To wa ya rene ta?"