Akurin Kaka da Yatsun Ila

Ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Abin da na sani, a bakin murhun Kaka na koye shi, a wani ƙauye kusa da Kona. Da an yi sallar magariba lokacin sanyi, sai ta hura wuta da karan gero, mu zauna ni da ƙanena Ila. Kafin ta fara tatsuniya tana da aiki guda. Takan daka busasshiyar magarya, ta tankaɗe garin, ta yayyafa masa ruwa, ta danna shi cikin ɗan ƙoƙo, ta rufe da ganye, ta binne a cikin rairayi mai zafi gefen wuta. Wannan shi ne akuri. Babu mai, babu sukari. Ba ma da su a gidan.

Ila ba ya iya jira. Yana miƙa hannu sai ta buge shi.

"Maigidana, wace irin mata za ta zauna da kai da wannan kwaɗayi? Sai tatsuniya ta nuna, sannan akuri ya nuna. Ga ta nan tafe, ku tare ta."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Kura da Kurege. A shekarar yunwa Kura ta ɗanɗana akurin Kurege, ta ce sai ya koya mata. Kurege ya ce, "Ki daka a hankali, kamar kina lallashin jariri. Fatar ake so, kar ƙwallon ya fashe. Ruwa tafi guda, kar ki ƙara kome." Kura ta ce wannan dakan ragwaye ne. Ta sa ƙarfi ta farfasa ƙwallayen. Ta sato zuma da man shanu ta zuba, wai nata ya fi na Kurege daɗi. Da ta tona sai ta sami caɓi da tsakuwa. Ta cinye duk da haka, haƙora suka zube, ciki ya ɗaure. Kaka takan kama ciki ta yi kukan kura har Ila ya faɗi da dariya. Daga nan ta ce ta ƙare a kan kura, ta tono ƙoƙon, ta raba mana da wuƙa.

Kaka ta rasu. Na yi aure, na binne miji da 'ya'ya biyu. Shekara talatin ina soya ƙosai da fanke a tashar Tasawa. Ila kuma yana jan amalanken jaki tsakanin Maijirgi da kasuwa, shayinsa rabi sukari, aljihu cike da alawa. Bara ciwon sukari ya ci masa yatsan ƙafa. Majo, mai duba marasa lafiya a asibiti, ya ce in bai bar sukari da soye-soye ba, ƙafar za ta bi.

Na ɗauko shi zuwa gidana. Kwana uku ya juya wa tuwo baya.

"Yaya, in babu zaƙi a baki, me zan yi da ƙafa?"

"Ka taka zuwa masallaci, sakarai."

Na je na tambayi majo ko magarya za ta yi. Ya ce ita ma tana da zaƙinta, a ba shi yanki kaɗan bayan abinci, ba kullum ba. Na sayo tiya guda. Na daka da hannuna na dakan gero, na turara a kan tukunya cikin tsumma mai tsabta. Ila ya gutsura, ya tofar da tsakuwa, ya dube ni.

"Ashe Kura tana nan da rai."

Washegari na sake. Na riƙe taɓarya da hannu ɗaya, ina saukar da ita kamar ba na so. Ƙwallayen suka fita lafiya lau, suna ƙara a cikin rariya. Ya ci yankinsa, ya lashe yatsa, ya nemi ƙari. Na buge hannun.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka kwaɗayin Kura take zagi. Yanzu na ga har da ƙarfinta. Ni da ƙarfi na rayu, da shi na so in riƙe Ila, da faɗa da hani. Abin da ya zaunar da shi garin magarya ne da tafin ruwa guda.

Har yau yana mita a kan shayi maras sukari. Ina barinsa ya yi. Duk Jumma'a kafin ya sa takalmi nakan ce ya miƙo ƙafafu in ƙidaya. Yatsu tara ne, kamar yadda na karɓe shi.