Ajiyar Mai Warwara

Yayata ba ta taɓa sayen sabon yadi ba, kuma in kana son ganin harara, ka kira ta tela. "Tela yanka yake yi," in ji ta, "ni warwara nake yi." Da haka unguwa ta laƙaba mata Mai Warwara, har yaran layinmu ba su san tana da wani suna ba.

Ba ta zuwa kasuwar gwanjo sai an buɗe dilar kaya, masu ido sun tsince na kirki sun tafi. Ita wajen tarin da aka watsar take durƙusawa: rigunan ƙattai da ba mai cika su, siket mai faɗin labule, kwat da kafaɗarsa ta koɗe. Ta ɗaga wa rana, ta ja da hannu biyu ta ji ƙarfinsa, ta shinshina, sannan ta cusa a buhu. A gida ta zauna bakin taga da ɓarin reza tana bin ɗinki zare bayan zare, har rigar ta rabu ta koma ƙyallaye shimfiɗe a tabarma. Ta wanke, ta goge, ta mayar da fuskar da ta koɗe ciki. Rigar ƙato ɗaya sai ta fitar da rigar yarinya da gajeren wandon ƙaninta, maɓallan kuma su tafi gwangwani.

Mijinta makaniki ne, ya rasu da wuri, ya bar mata ɗaki ɗaya, keken ɗinki mai taka ƙafa, da yaro ɗaya da muke kira Dogo. Ni ce a ɗakin da ke jikin nata, bango kawai ya raba mu, don haka ƙarar keken nan ta zame min kamar numfashina.

Abin da muka fi faɗa a kai shi ne ajiya. Haka take kiran rarar yadin da kan saura bayan ɗinki. Kowane tela yanke ta yake yi ya yar, Yaya kuwa sai ta ninke ta ta ɓoye a gefen riga da cikin kalmasa, wai in mai rigar ya girma a saki. Ɗinkinta yana da ƙarko, amma gefensa kauri gare shi, yaro ya sa ya fito kamar matashin kai. Ni ba na iya ganin abu in yi shiru.

"Yaya, don Allah ki yanke wannan tulin, ki ga yadda riga ke zama a jikin mutum. Kuma kina kashe kasuwarki da hannunki, wa zai dawo alhali rigar ba ta ƙarewa?"

"Ke dai bakinki ya fi almakashina kaifi. Mutum ba ya tsayawa yadda ka auna shi. Gobe fa?"

Dogo ne ya fi kowa ba ta gaskiya. Yaron nan ya yi ta miƙewa kamar ana jan sa, tana saki tana ƙara saki, har ana tsokanarsa a makaranta cewa da wandon da ya shiga da shi zai fita. Ya girma, ya zama mai fentin mota, ƙato mai faɗin ƙirji, abokansa na sayen kayan kanti shi yana yawo da ɗinkin uwarsa. In an yi masa dariya sai ya ce ai shi telarsa a gida take kwana.

Sai tari ya kama shi. Muka ce mura ce, muka ce warin fenti ne. Aka je asibiti, aka ba da magani, aka canza magani, aka sake canzawa. Wata rana likita ya ja mu gefe a baranda, ya yi ta kewaye-kewaye da magana, a ƙarshe ya ce mu kai shi gida mu kula da shi. Ni na gane abin da yake nufi. Yaya ta ce ita ba ta ji ya ce komai ba.

A lokacin sana'ar ma ta soma mutuwa. Gwanjon yanzu ba yadi ba ne, wani abu ne mai santsi kamar leda, ka sa masa allura ya zarce. Masu kawo mata aiki suka koma sayen sababbin riguna masu araha da ba sa wuce wanki kaɗan. Ba ta ko damu ba, don aiki ɗaya ya rage mata a duniya, kada Dogo ya ga yadda yake ƙarewa.

Ta cire madubin ɗakin ta ce ya fashe. Ba ta kusantarsa da tef ɗin awo, sai in tana goge masa jiki ta auna haƙarƙarinsa da yatsunta. Idan barci ya ɗauke shi da hantsi, ta kwaso rigunansa ta kawo ɗakina, ta rage su da allurar hannu don kada ƙarar keke ta tona ta. Ya farka ya sa riga ya ji ta zauna daidai, ita kuma ta ce, "Ka gani? Wa ya ce ka rame?" Ba ta yanke ko zare ɗaya na rarar ba. Duk ragin da ta yi, sai ta ƙara ninkewa ciki.

"In ya warke zai buƙace ta," ta ce min. "Kin manta faɗin ƙirjinsa?"

Ban manta ba. Na juya baya don kada ta ga fuskata.

Wata la'asar na shiga kai masa ruwa, ya ce, "Inna, ɗan juya ni, gefen nan ya gaji." Da na ɗaga rigar sai na ga jan layi tun daga hammata har ƙugu, fatar ta saɓule a wurare. Ajiyar ce. Ta taru ninki kan ninki ta zama kamar igiya, shi kuma ba sauran naman da zai tare masa ita, a kanta yake kwana yake wuni. Raina ya ɓaci. Na fita na samu Yaya a bakin ƙofa tana tsintar zare daga wani siket.

"Je ki ga abin da ajiyarki ta yi masa. Ki yanke ta yau ɗin nan, ko ni in yanke."

"Ki taɓa ki gani. Zan sa masa auduga a wurin."

"Auduga? Yaya, wa kike ruɗi, shi ko kanki?"

Ashe muryata ta kai ciki. Muka ji ya kira, a hankali, "Umma." Muka shiga. Ya riga ya zame rigar daga kafaɗa ɗaya, ya juyo cikinta waje, layukan ɗinki a jere, kowane ya fi na bayansa matsowa ciki.

"Umma, a cikin ɗinkinki na girma fa. Na san inda kike ɓoye abu." Ya yi ɗan murmushi. "Tun ragin farko na sani. Na bar ki ne don na ga yana kwantar miki da hankali. Amma yanzu tana ci na. Yanke ta, Umma, ba zan cika ta ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta taimaka masa ya cire rigar, ta zauna a gefen katifa, ta ɗauki almakashi. Ta daɗe da shi a buɗe a bakin yadin. Sannan na ji ƙarar yankan, doguwa, daga hammata har ƙasa, ta juya ɗaya gefen ta sake. Ta bi bakin da allura ta kwantar da shi lumui. Na sunkuya zan kwashe ƙyallayen in sa a buhunta, don matar nan ko tsinken zare ba ta yarwa. Ta ce, "Bar su. Kai shara."

Muka sa masa rigar. Ta bi jikinsa ta kwanta, ba tudu ba kauri, ya sauke numfashi ya ce ya ji daɗi. Shekara da shekaru ina yi mata tsiya ta yanke ta ga yadda riga ke zama a jikin mutum. Ranar na gani, kuma da ma ban gani ba.