Hoton Rumfar Mama

Shekara biyu da gama karatuna na samu aiki a wata ƙaramar kafar labarai ta intanet, a saman wani shagon kayan gini kusa da kasuwar Terminus a Jos. Mu huɗu ne har da oga, kayan aikinmu kuwa wayoyinmu ne kawai. Oga bai damu da komai ba sai yawan mutanen da suka buɗe labari. Idan naka bai yi yawo ba, a gaban kowa zai tambaye ka ko barci ka je koyo a makaranta.

Wata Talata ina cikin motar Bukuru, sai na ji wasu mata biyu a bayana suna hira. Ɗaya tana cewa wai akwai mai abincin da ke zuba ruwan wankan gawa a miya don ta ja ciniki. Ba ta faɗi gari ba balle unguwa. Zance ne da kowa ya taɓa ji tun yana ƙarami. Amma na yi sati biyu ban kawo abin kirki ba, don haka ina isa ofis na zauna na rubuta shi. Na ce a unguwar Daɗin Kowa abin ya faru. Na ƙirƙiro wata maƙwabciya da ta nemi a sakaya sunanta, na sa mata magana a baki. Oga ya karanta, ya ce saura hoto.

A wayata akwai hoton rumfar wata dattijuwa da nake cin gwate a wajenta duk lokacin da na je gidan yayata a Daɗin Kowa. Kowa Mama yake ce mata. Fuskarta ba ta fito ba, tukwane ne kawai da benci da shuɗiyar leda da ta rufe saman rumfar. Na ce a raina wa zai gane? Na ɗora.

Kafin la'asar labarin ya zaga gari. Oga ya dafa kafaɗata ya ce yanzu na zama ɗan jarida, ni ma na yarda.

Sai bayan kusan wata ɗaya na koma Daɗin Kowa. A da, idan ka zo da rana sai ka jira wani ya tashi: direbobi, ma'aikata, teloli, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, duk benci ɗaya. Ranar na tarar da tukunya ɗaya a wuta, babu kowa. Mama ta yi murnar ganina, ta cika mini kwano har yana zuba. Ban tambaye ta ba, ita ce ta fara. Ta ce jikarta ce ta nuna mata abin a waya. Ta ce har mata 'yan ƙungiyarsu ta coci, idan ta kai abinci taro, sai su ce sun ƙoshi.

"Ɗana, shekara nawa kana ci a nan? Ka taɓa ciwon ciki?"

Na ce ban taɓa ba, Mama.

"To, wanda ya yi mini wannan ban san shi ba. Pasto ya ce in yafe. Na yafe, amma ina so in gan shi, in tambaye shi me na yi masa."

Cokali na hannuna, bakina cike da gwatenta. Na haɗiye, na ce Allah ya saka mata. Wannan addu'ar ita ce abin da ya fi damuna har yau, domin na san a kan wa na yi ta.

Washegari na gaya wa oga gaskiya. Ya ce magana zarar bunu ce, kada in tayar da abin da ya riga ya kwanta. Da na matsa, ya cire labarin, ya bar ni na rubuta gyara layi biyu. Ban ga mutum ɗaya da ya tura wa wani ba.

Yayata na faɗa wa daga baya. Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, sannan ta ce ba ita zan gaya wa ba, na san hanyar rumfar. Na ce sai ranar Asabar. Asabar ta zo na ce aiki ya yi yawa. Haka na yi ta ɗagawa har damina ta wuce. Ranar da na je, mai facin taya na tarar a wurin. Ya ce Mama ta koma ƙauye wajen ɗanta, suna noman dankali, har ya faɗa mini sunan ƙauyen da inda ake shiga motarsa.

Na bar wancan ofishin tuni. Yanzu ni ke duba labaran wasu kafin su fita, kuma suna cewa na cika tambayar wa ya gaya maka, ina ka samo hoton. Ban taɓa ba su dalili ba. Ƙauyen bai kai tafiyar awa biyu daga Jos ba, kuma har yanzu ban je ba.