Baƙuwar da Muka Naɗe a Leda

Har yau idan wayar wuta ta ƙone a soket, na shaƙi warin nan mai kama da sukarin da ya kama a tukunya, sai in ruga in kashe duk abin da ke jone. Kada ka yi min dariya. Ina 'yar shekara sha biyu na fara jin sa, a gidanmu na saman bene a unguwar Taman Melati, lokacin da korona ta kulle kowa a ɗaki.

Karatun digiri na uku ne ya kawo Abba Kuala Lumpur, amma ranar Asabar ba ka samun sa a gida. Akwai wani ɗaki a saman shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda wasu mutane suka tara tsofaffin kwamfutoci suna gyarawa don jama'a su zo su gani, ba mai biyan su. Umma kan ce, "Babanku ya baro Kano ya zo nan ya zama ɗan gwangwan." Babbansu wani dattijo ne Ba'indiye daga unguwar Brickfields, kowa Ankul yake ce masa. Ni yana ba ni alewa ya kuma hana ni taɓa komai.

Da aka ce za a rufe gari, sai suka raba kwamfutocin a tsakaninsu, domin a ƙasar nan danshi ne ke cinye na'urar da aka bari a kulle. Abba ya dawo da wadda Ankul ya harhaɗa da hannunsa tun yana saurayi, mai akwatin katako, babu irinta a ko'ina. Duk Juma'a bayan la'asar yakan kunna ta, ɗuminta ya kori danshin. Koren rubutu ya fito a gilashin, shi kuma ya zauna yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Sai tari ya kama Abba. Ranar da mutanen nan masu fararen kaya, da ba ka ganin ko idonsu sosai, suka zo tafiya da shi, daga bakin ƙofa ya waiwayo ya ce min, "Ki kula min da baƙuwarmu. Amana ce."

Umma kuwa tsoro ya gama da ita. Duk abin da Abba ya taɓa sai da ta goge da ruwan Dettol, har kwamfutar. Ba ta jira ta bushe ba ta naɗe ta a leda, ta ɗaure tam, ta rufa mata zani, yadda take adana kayan ɗakinta. Na san Abba ba zai so ba, amma wa zai yi wa Umma magana idonta jawur haka?

Damina ta sauka, ruwa ba dare ba rana. Titi shiru, ban da jiniyar motar asibiti, wadda nakan bi da kunne har ta ɓace. Da farko Abba yana kira. Daga baya aka ce an sa masa iskar numfashi, wayarsa ta daina shiga. Duk Juma'ar da ta wuce ban kunna kwamfutar ba sai in ji kamar ni ce ke rage masa numfashi. Ban san inda na samo wannan tunanin ba, amma ya zauna min daram: idan ta mutu, ba zai dawo ba.

Wata Juma'a Umma tana salla na kwance ledar. Cikinta ya yi gumi, katakon duk funfuna. Na jona, na danna. Ta yi ƙara tas, farin hayaƙi ya turnuƙe falon. Na ƙwalla ihu ina cewa na kashe Abba. Umma ta sallame a guje tana salati, ta fizge wayar daga bango. Da ta fahimci abin da nake nufi, ba ta tsaya yi min faɗa ba. Ita ce ta lalubo lambar Ankul ta miƙo min.

Ya ɗauka, amma bai buɗe kyamara ba, muryarsa can ƙasa. Ya tambaye ni ko warin kamar na sukari ne, na ce e. Ya ɗan yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Jangan takut lah, kada ki ji tsoro. Wani ɗan ƙaramin abu ne ya fashe, ya tsufa kamar ni. Ita tana nan da ranta. Ki buɗe murfin, ki sa mata fanka, kada ki taɓa cikin. Babanki zai canza shi."

Na ce, "In bai dawo ba fa?"

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Sannan ya ce, "To ni zan koya miki."

Abba ya dawo, ya rame har rigarsa tana yi masa lilo. Ya cire abin da ya ƙone ya sa sabo, kwamfutar ta tashi. Nan take ya kira Ankul ya yi masa albishir. Ɗansa ne ya ɗauka. Ashe ranar da na kira shi, a gadon asibiti ya amsa min, bai kuwa ƙara kwana da yawa ba.

Yanzu ni ma ina jami'a, kuma Asabar a ɗakin nan na saman shagon yadi nake wuni. Yara kan shigo su shafa gilashin kwamfutar Ankul da yatsa, suna jira ta motsa kamar wayar iyayensu, in ta ƙi su ce ta lalace. Nakan nuna musu inda za su danna. Abba ne ya koya min gyara, komai da komai. Amma da zai nuna min yadda ake canza ɗan abin nan, ce min ya yi, "Wannan ba ni na yi miki alkawari ba. Alkawarin Ankul ne, biya masa nake yi."