Gida na Huɗu

Tsallake ake ce mata, har yaran unguwa ba su san tana da wani suna ba. Shekara goma sha bakwai ke nan tana tattara wa masu binciken lafiya bayanai, da alli a hannu, da na'urar awon hawan jini a jaka. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a wuce gida huɗu, a shiga na biyar, ko na wane ne.

Mutane sun sha tambayarta dalili. Takan ce, "In na bi gidajen da ake ba ni ruwan sanyi, ai lafiyar ƙawayena zan kai ofis, ba ta unguwa ba." Gaskiyar magana kuwa, matar akwai son ganin ƙwaƙwaf. Lissafin nan ya shigar da ita ɗakin wani tsoho da ke kwana da tantabarunsa, ya kai ta gidan da mutum goma sha ɗaya ke tari a ɗaki biyu. Da son ranta take bi, da ba ta taɓa taka waɗannan ƙofofi ba.

Rannan sai aka ba ta layin yayarta, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wata biyu Yaya na fama da ciwon kai, kuma ko da igiya ba a jan ta zuwa asibiti. Tsallake ta ƙirga, gidan Yaya ya faɗo na huɗu. Ta koma bakin layi ta sake. Huɗu dai. Akwai shagon tela tsakanin na biyu da na uku; in ta sa shi a lissafi, Yaya ta zama ta biyar, kuma ba mai sani. Ta daɗe tana kallon shagon. Amma telan ba ya kwana a ciki, don haka ba gida ba ne, ta kuma sani.

Yaya na bakin ƙofa, har ta soma naɗe hannun riga. Tsallake ta gaishe ta, ta wuce.

"Ke! Ni za ki tsallake? A bayan nan fa kika girma!"

"Yi haƙuri, Yaya, lissafi ne."

"To, lissafin ya goya ki."

Da yamma, bayan ta miƙa takardu, ta roƙi shugabarta aron na'urar, ta dawo. Yaya ta juya mata baya, amma ta miƙo hannu. Lambar da ta fito ta sa Tsallake ta sake awon har sau uku.

"Rubuta mana," in ji Yaya. "Ko ban kai a rubuta ni ba?"

Tsallake ba ta taɓa alƙalami ba. Ta durƙusa ta jawo takalman Yaya daga ƙarƙashin gado.

"Sa, mu tafi asibiti. In kin ƙi, wallahi yau ni zan goya ki."