Tukunyar Gas Ɗin Inna

Wata Asabar ce cikin daminar 2007, ina ajin ƙarshe a firamare, Baba ya shigo gida da tukunyar gas ɗaure bayan mashin. Muna tsakar gida ni da ƙannena muna 'yar gala-gala, muka watsar muka kewaye shi. Inna ta leƙo daga ɗakin girki, idanunta jajur, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Da ta ga abin da aka kawo sai ta ja da baya, ta ce a fitar mata da bam daga gida.

Baba ma'aikaci ne a gidan man wani babban kamfani da ke hanyar Kontagora. Kakanmu yakan ba mu labarin cewa a zamaninsa kananzir kawai kamfanin yake kawowa Zuru, cikin garwa, mutane su yi layi da kwalabe. Daga baya fetur ya zo, ga shi kuma a lokacinmu sun fara sayar da gas, wai hayaƙi yana ɗumama duniya. Ni dai ban san ko tausayin duniya ne ya kama su ko kasuwa ce ta juya ba. Abin da na sani shi ne likita ya gaya wa Baba cewa in Inna ba ta rabu da hayaƙin icce ba, huhunta ba zai kai ta ko'ina ba. Mu ne masu ɗebo iccen bayan an tashi makaranta, kuma da damina jiƙaƙƙe muke kawowa. Haka za ta durƙusa gaban murhu tana hurawa, hawaye na zuba, har tuwon dawa ya nuna.

Inna ba ta yi musu da Baba ba, amma ta yi dabararta. Ta sa muka mirgina tukunyar can bayan rumbu, ta girka ta kan jiƙaƙƙen yashi yadda ake girka randa, ta lulluɓe ta da buhun algarara. Kullum da safe sai na zuba mata ruwa guga biyu don kada ta yi zafi ta fashe, sannan in ba awaki dusa. Wallahi tukunyar nan ta fi mu shan ruwa. Girki kuwa da icce aka ci gaba, a gama da wuri, a share toka kafin Baba ya dawo. An gargaɗe mu duk wanda ya yi surutu ba shi ba nama.

Asiri ya tonu ranar da Baba ya dawo da azahar ya tarar da ita zaune a ƙasa, numfashi yana neman gagararta, ina yi mata fifita ina kuka. Na ɗauka zai yi faɗa. Amma sai ya jira har ta dawo hayyacinta. Sannan ya jawo tukunyar tsakar gida cikin rana, ya haɗa tiyonta da murhun gas ɗin, ya kunna, ya ɗora ruwa, ya tattara babbar rigarsa ya zauna daram a kanta.

"In za ta tashi, ta fara da ni," in ji shi. "Gara haka da in zauna ina kallon ki kina ƙarewa."

Inna ta yi salati, ta rarrafa ta kama ƙafarsa tana ja, shi kuwa ya ƙi motsi har ruwan ya tafasa. Ta daɗe tana kallon shuɗiyar wutar. Can ta share ido ta ce masa ya sauka hakanan, ya nuna mata inda ake murɗawa. Kafin kaka ta yi, tarin ya ragu sosai, muka fara jin muryarta tana yi mana tsawa daga ƙofar gida, abin da muka daɗe ba mu ji ba.

Yanzu in na je Zuru nakan wuce ta gidan man. Rufinsa duk faifan sola ne, masu sayen gas sun kusa kai masu sayen fetur yawa, kuma babu wanda ya san Baba a cikin ma'aikatan, don ya rasu shekaru shida da suka wuce. Ina kewar shi ƙwarai, kuma ina gode wa Allah da ya ba mu uba mai taurin kai irin nasa. Inna tana nan da ranta, ita ce ta riƙa yi wa 'yata wanka da aka haife ta.