Kawu da Manyan Tayoyi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dakon ƙwai ne sana'arsa. Da safe yakan shiga gonakin kaji na bayan gari ya yi lodi, ya rarraba wa masu shaguna kafin rana ta take. Wanda ya shekara talatin yana tafiya da ƙwai a bayansa ba a koya masa haƙuri. Abokan aikinsa Kwana-Nesa suke ce masa, wai don mai keke ma yakan wuce shi har ya waiwayo ya gaishe shi. Shi kuwa sunan daɗi yake masa. Bai taɓa buge ko akuya ba, bai taɓa tsayawa gaban jami'in hanya yana ba da haƙuri ba. Idan ya ɗauke mu muna yara, yakan nuna mana allurar agogon gudu ya ce, "Kun ga wannan? Ita ce alƙalina. Mutum yana ƙarya, ita ba ta yi."

Da tsohuwar motarsa ta gaji, sai ya sayi wata farar a-kori-kura ta hannu, mai canza giya da kanta. Tana da lafiya, aibinta ɗaya, cikinta kusa da ƙasa yake. Hanyar gonar da ya fi ɗaukar kaya kuwa duk kwari ce, da damina ta kama sai motar ta riƙa gogar ƙasa. Mai facin da ke bakin titinsu ya ba shi shawara ya sa manyan tayoyi. Aka sa. Motar ta ɗaga kamar an yi mata sarauta, Kawu ya zagaya ta yana murmushi.

Matarsa, wadda muke kira Umma, ita ta fara magana. Suna hanyar zuwa duba 'yarsu ta dafe ƙofa ta ce, "Maigida, gudu fa kake yi."

"Ni? Dubi allura."

"Ba allura nake kallo ba, itatuwa nake kallo."

"To itatuwan ne ke sauri."

Aka yi dariya ranar. Amma da maganar ta yi ta dawowa, sai ta daina zama abin dariya. Ya ce tsufa ne ya sa mata tsoro, ta ce ai ba ita kaɗai ke tsufa a gidan ba. Daga ƙarshe ta koma hawa motar haya, shi kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko da yake bai faɗa ba.

Sai kuma ƙwai ya fara fashewa. Kullum ya sauke kaya sai ya tarar da na ƙasa sun tsage, ƙudaje na bin bayan motar. Ya je ya sami mai gonar, amininsa tun suna samari, ya ce masa ko dai kiret ɗinsa sun lalace ko kajinsa ba sa samun abinci mai kyau. Mai gona ya ce, "Kajina kake zagi ko ni?" Suka rabu baram-baram. Lodi dai bai tsaya ba, amma gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Wata safiya, a miƙaƙƙen titin da ya wuce ta gaban makarantar firamare, jami'in hanya ya tsayar da shi. Kawu ya ɗauka tambayar hanya zai yi, har ya sauke gilashi yana fara'a. Jami'in ya juyo masa da na'urar auna gudu ya ce, "Baba, ina za ka da wannan saurin?"

Kawu ya dubi lambar, ya dubi mutumin. "Ɗana, ka auna wata motar dai."

"Babu kowa a titin sai kai."

Ya dawo gida da takardar tara a aljihu, ya zauna a kujerar falo bai ko cire takalmi ba. Ina gidan ranar. Umma ta ajiye masa ruwa, bai taɓa ba. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni aka kama da gudu. Ni." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai ka ce an yi masa saƙon rasuwa.

Bakanikensa ya duba birki, ya duba totur, bai ga komai ba. Ya goge hannu ya ce wannan ba aikin sifana ba ne, a kai ta wurin mai kwamfuta. Ni na raka shi. Garejin a share yake tas, babu ko ɗigon baƙin mai, abin da ya sa Kawu ya fara zargin ba su san aiki ba. Mai wurin wata mata ce mai gilashi, kowa Injiniya yake ce mata. Ba ta ko buɗe gaban motar ba. Ta tsuguna ta karanta rubutun jikin taya, ta buɗe ƙofar direba ta karanta wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen.

"Baba, yaushe aka canza tayoyin nan?"

"Farkon damina."

"An gaya wa motar?"

Kawu ya juyo ya kalle ni, ko na ji abin da ya ji. "A gaya wa wa?"

Ta jawo wata waya ta cusa a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ramin da shi mai motar bai taɓa sanin yana nan ba. Nan take rubutu ya cika fuskar kwamfutarta. Ta yi masa bayani a hankali. Motar tana da ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ganin titi, juyin taya kawai take ƙirgawa. Babbar taya juyi ɗaya ta fi ƙarama cin ƙasa. Ita kuwa ƙwaƙwalwar har yanzu da ƙananan take lissafi, don haka allura ke nuna ƙasa da gudun da ake yi. Giyar ma ba ta shiga a kan lokaci, shi ne fizgar da yake ji.

"Wato ƙarya take mini?"

"Iyakar abin da ta sani take faɗa."

Ya dafa motar, ya ɗauke hannu da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya rage murya ya ce, "To duk maganar da nake yi a ciki ni kaɗai, tana ji?" Injiniya ta yi dariya har ta cire gilashi, ta rantse masa ba ta da kunne.

Ta shigar da girman sababbin tayoyin, ta ce a kashe mota a sake tayarwa. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Sannan ta ce ya fita ya gwada, ya yi tuƙi yadda ƙafarsa ta saba, kada ya dubi agogo sai na ce ya duba.

Muka hau titi. Ya saki jiki, hannu ɗaya a kan sitiyari. Da na ga mun daidaita na ce, "Kawu, duba."

Allurar tana wurin da bai taɓa barin ta ta kai ba. Ya yi salati, ya gangara gefen titi ya kashe motar. Manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, ya ce, "Da wannan gudun nake kai jikokina makaranta. Su uku a nan inda kike zaune." A hanyar komawa har masu babur sai da suka yi ta yi mana oda.

A gida ya tsaya bakin ƙofar kicin ya ce wa Umma, "Ke ce da gaskiya." Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce, "Sake faɗa, ban ji ba, albasa ta shiga mini kunne." Ya sake faɗa. Wurin mai gona ya fi wuya, don sai da mai gonar ya bar Kawu ya gama bayani tsaf sannan ya nuna masa ɗakin kaji ya ce can zai je ya ba da haƙuri. Kawu kuwa ya leƙa ya ba kajin haƙuri, ma'aikata na ta dariya.

Ya so ya mayar da ƙananan tayoyin don haushi, amma hanyar gona ba ta gyaru ba, dole ya haƙura. Abin da ya sauya shi ne halinsa. Mutumin da a da ba ya shiga sabgar kowa, yanzu in ya ga a-kori-kura mai manyan tayoyi a gidan mai, sai ya sauka ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambayi direban ko an daidaita ƙwaƙwalwar. Wasu su gode, wasu su ɗauka ya fara zautuwa. Makon jiya wani mai dakon bulo ya zage shi tas, ya ja mota ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga mutumin a ƙofar gidan Kawu yana sallama, yana tambayar Umma ina ne garejin matar nan.